Ranar da Kawu ya zo ɗaukar Yaya

Duk sanda motarmu ta tsaya a shingen sojoji kan hanyar Jega na hango mai jar hula da farin bel, sai raina ya ɓaci, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba. Kawuna yake tuna mini.

Kawu ƙanen Innarmu ne, ɗan sandan soja. Muna yara mun ɗauka ɓarayi yake kamawa, sai Baba ya ce a'a, sojoji 'yan'uwansa yake ladabtarwa: wanda ya yi faɗa a kasuwa, wanda ya daki farar hula, wanda ya bar bariki ba izini. Babban yayanmu ma don sha'awar Kawu ya shiga soja.

Wata shekara, lokacin cirar albasa, Baba ya kwanta ciwo. Albasa ta nuna a fadama, ba mai cira. Sai ga Yaya ya dawo Aliero, ya ce hutu aka ba shi. Ya tuɓe kaki ya shiga gona. Tsakar gida ta cika da albasa tana shan iska, warinta har cikin tufafinmu, Inna kuwa har da waƙa wajen daka.

Ana haka Kawu ya iso da hantsi, takalmi na ƙyalli. Ya duba Baba, ya ci ɗumamen da Inna ta kawo masa, ya wanke hannu, sannan ya dubi Yaya.

"Sa kayanka mu tahi."

Inna ta ce, "Ku tahi ina? Yaro hutu anka ba shi."

"Gudowa yay yi."

"To bari shi ida cirar albasa mana. Ubanai na kwance, kana gani."

Kawu ya ce, "Aiki na."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya tasa Yaya gaba har tasha, aka kulle shi a bariki. Rabin albasar a gona ta ruɓe. Baba ya warke, amma Inna ba ta ƙara yi wa ƙanenta magana ba, ko ranar salla, har ta rasu.

A zaman makokinta matar Kawu ta gaya mini sauran. Ashe da Yaya ya ƙara kwanaki, da an sa shi cikin 'yan gudun soja, kora da kurkuku. Kawu ne ya roƙi a aike shi da kansa, don kada baƙin sojoji su sa wa yaron ankwa a gaban ubansa maras lafiya.

Yanzu Kawu ya yi ritaya yana Maiyama, ido ya yi rauni. Bara na je gaishe shi, na kasa haƙuri, na ce, "Kawu, mi ya hana ka hwaɗa ma Inna dalili?"

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ba ta tambaya ba."

Yaran yanzu sukan dame ni da yawan bayani a waya, komai sai sun faɗi dalili. Na daina hana su.