Inna Laraba, Wadda Aka Sa Mana Ƙarfe Rana Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, ina dawowa daga makaranta Babanmu ya tare ni a zaure ya ce Allah Ya yi wa Inna Laraba rasuwa da hantsi.

Inna, ba mu haɗa jini ba. Ke daga Lambara, ni daga Danchadi. Asibiti ne ya haɗa mu a Sakkwato shekara biyu da suka wuce, ranar da aka canja mana ƙugu aka sa na ƙarfe. Ke faɗuwa kika yi a bakin rijiya kina da shekara saba'in da ɗaya. Ni sikila ce ta cinye min kan ƙashi ina 'yar sha huɗu.

Ke kika fara sauka daga gado. Kika dogara sanda, kika tsaya a kaina kika ce, "Tashi ɗiyata, kar tsohuwa ta tsere miki." Ke kika koya min sallah a kan kujera, lokacin da nake kuka don an hana ni zaman tahiya a ƙasa.

Duk wata shida likita yana kiran mu, manya da yara, a ɗauki hoto, a duba tafiyarmu, don ya gane yadda ƙarfen yake zama a jikin tsoho da na yaro. Bai ɓoye mana ba. Ya ce na tsoho yakan raka shi har ƙarshe, na yaro kuwa yana iya gajiya bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, sai an sake aiki. Ni ba na iya ɗaga kai a gabansa. Ke ce bakina. Sai ki ce, "Likita, wagga yarinya kunya gare ta, amma ta hwaɗa min ba ta iya sa takalmi."

Mako uku da suka wuce muka haɗu a kasuwar Bodinga. Na raɗa miki cewa cinyata tana ciwo idan na taka, kuma ina jin wani abu yana ƙas a ciki. Ban gaya wa kowa ba sai ke. Kika riƙe hannuna kika ce, "Bar shi gare ni. Ran ashirin da biyu, in mun koma asibiti, ni za ni hwaɗa ma likita."

A wurin zaman makoki na ji wasu mata suna cewa ƙarfen ne ya yi tsatsa a jikinki. Ɗanki Malam Maniru ya ce hawan jini ne, kuma an gaya mana irin wannan ƙarfe ba ya tsatsa. Na yarda. Duk da haka, tun ranar a tsorace nake taka ƙasa. Idan nawa ya kwance tun yanzu fa, Inna?

Jiya na daure na gaya wa Babanmu. Ya ce zai kai ni wurin likita ranar Alhamis, ashirin da biyu ga wata, amma ni zan yi bayani, don shi bai san inda yake ciwo ba. Na rubuta a takarda ko da muryata za ta ƙi fita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Maniru da ɗiyarki Nana Hauwa da jikokinki da duk mutanen Lambara. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya tashe ki da ƙafafun da ba su san ciwo ba. Ni kuma Ya buɗe bakina ranar Alhamis. Amin.

Samira Bala Danchadi