Ranar da Marina Suka Yi wa Littafina Dariya

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makaranta kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, na rubuta littafina na farko. Kun sha tambayata daga ina marubucin labaran Kirista yake samo labarinsa, ni kuma na sha ba ku amsa mai daɗin ji. To, yau ku gyara zama, kaina zan tona wa asiri.

Labarin wani mashayi ne da ya tuba. Ba sai na yi muku kwana-kwana ba, yayana na rubuta. Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu, shi ne babba, kuma giya ta kama shi tun yana saurayi. Sau uku yana tsayawa a gaban jama'ar coci yana kuka, yana cewa ya daina, sau uku yana komawa. A na ukun ni na riƙo hannunsa har gaban fasto. Bayan wata biyu aka aiko in zo in ɗauke shi a bakin kwata, mutane sun kewaye shi suna kallo. Daga ranar na ɗauke masa ƙafa. Shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba. In ya shigo gidan mahaifiyata, ni kuma sai in tuna ina da wani aiki a waje.

Abin da na kasa yi a fili, sai na yi shi a takarda: na gyara shi tsaf. Don kada 'yan cocinmu su gane, na mai da shi marini a Ƙofar Mata, alhali ni ban taɓa tsayawa a bakin rijiyar rini ba, sai dai in hango katangar wurin daga cikin adaidaita. A babin ƙarshe mutumina ya ji wa'azi, ya tuba, aka yi masa baftisma a kogi, ya fito, ko warin giya bai ƙara so ba. Washegari ya koma bakin aiki, ya tsoma farin zane a rijiya, ya ɗago shi shuɗi mai ɗaukar ido. Kai! Ranar da na rubuta wannan layin sai da na tashi na zagaya ɗaki sau biyu ina tafa wa kaina.

Mahaifiyata na fara karanta wa, tana zaune tana tsintar wake. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya sa albarka. Ka kai wa yayanka ya ji."

Na ce, "To, Mama."

A raina kuwa na riga na gama shirina. Ba zan kai masa ba. So nake a buga littafin, ya tsinci kansa a ciki, ya ga yadda mutanen kirki suke tuba, kunya ta kama shi. Bulala na rubuta, na sa mata bango mai kyau.

Akwai wani abokina da muke koyarwa tare, malamin lissafi, Musulmi, haifaffen Ƙofar Mata. Shi na dama da zancen littafin nan har ya gaji. Rannan a ofishin malamai ya dube ni ya ce, "Wai kai Marubuci, ka rubuta marini, ka taɓa zuwa marina kuwa?"

Na ce, "Ai marubuci da ido biyu yake gani, na fuska da na zuci."

Ya ce, "To, ka taho da su duka biyun ranar Asabar. Babana sana'arsa ke nan tun kafin a haife ni. Ka karanta masa ya ji."

Zo ku ga murna! Masu sauraro na farko, kuma ainihin mutanen da na rubuta. Na je aka buga min shafukan, aka ɗaure su da kyau. Ranar Asabar na yi wanka, na ɗauko farar shaddata ta zuwa coci, wadda ta sha guga, na saka. Ku lura fa, wurin rini za ni. Abokina da ya gan ni a bakin ƙofa sai ya riƙe baki, ya ce, "Tabɗi! Ɗaurin aure aka gayyace ka?"

Muka shiga da hantsi. Rijiyoyi ne a jere a ƙasa, wasu a rufe, wasu a buɗe da kumfa a samansu, ga wani wari mai tsami da sai ka daɗe kafin hancinka ya saba. Mahaifin abokina na zaune a bakin tasa rijiyar, dattijo siriri mai furfura, faratansa sun rine har ba ka ganin farinsu. Na durƙusa na gaishe shi. Don kada a yi abin kunya daga baya, na ce, "Baba, in faɗa tun da wuri, labarin na Kirista ne. Akwai coci a ciki, akwai fasto."

Ya ce, "Ɗana, ai ba alwala za mu yi da shi ba, ji za mu yi. Karanta."

Aka ba ni benci. Marina huɗu suka matso da nasu aikin kusa. Na gyara murya na fara, kuma jama'a, abin ya karɓu! Inda mashayin ya sayar da agogon mahaifinsa, wani ya ce, "Innalillahi, wannan yaro bai kyauta ba." Inda yake tauna citta don kada uwarsa ta ji wari, wani ya kwashe da dariya ya ce wallahi ya san mai irin wannan halin a unguwarsu. Kaina ya yi girma. Har na fara tunanin hoton da za a sa a bayan littafin.

Na zo babin ƙarshe, na ɗaga murya kamar mai wa'azin taron shekara. Na karanta baftismar, na karanta komawarsa bakin aiki, na sauke layin nan nawa na zinariya, na yi shiru ina jiran tafi.

Dattijon ya ce, "Maimaita wurin nan."

Na maimaita da ƙarin armashi.

Ya ce, "Tsomi nawa ka ce ya yi?"

"Ɗaya, Baba."

"Ya fito shuɗi?"

"Mai ɗaukar ido ma kuwa."

Ai sai wurin ya ɓarke da dariya. Wani har ya saki zanen da ke hannunsa ya riƙe ciki. Ɗaya ya ce don Allah in nuna musu rijiyar nan, su rufe nasu su koma can. Abokina, wanda ya kamata ya tare min, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Ni kuwa ina zaune da farar shadda, ban san laifin da na yi ba.

Dattijon ya share hawayen dariya ya ce, "Taso ka gani." Ya ɗauko farin ƙyalle, ya jiƙa shi da ruwa, ya tura cikin rijiya yana murza shi a hankali. Da ya ɗago, sai ga abu kore, kamar an tsamo shi daga miyar kuka.

Na ce, "Ayya, Baba, rijiyar ta lalace ne?"

Ya ce, "Yi shiru ka kalla."

Ya ware ƙyallen, ya riƙe shi a iska. A gaban idona koren nan ya fara juyewa, daga gefe-gefe yana shiga tsakiya, har ya koma shuɗi mai haske. Ban san lokacin da na yi ihu ba. Na ce, "Kai! Kai! Baba, sake yi!" Shekara talatin da wani abu ina cikin garin nan, ina saka rinannen kaya, ban taɓa sanin haka abin yake ba. Na matsa har bakin rijiyar, ruwan ya fallatso min a gaban riga, ban ko damu ba.

Ya ce, "Ruwan shi kaɗai ba ya gama aikin, sai zane ya fito ya sha iska. A mayar, a fitar, a mayar, a fitar. Wannan mai duhun da kake so, yakan ci yini guda."

Na tsaya ina ƙirga tsomin da yake yi har na wuce ashirin, lissafin ya ɓace min. Yana cikin aikin, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Wannan tsomawar da aka yi wa mutuminka a kogi, me ka ce sunanta?"

"Baftisma, Baba. Sau ɗaya ake yin ta."

"To, ni ban san addininku ba, ba kuwa zan sa baki a abin da ban sani ba. Amma na san mutum. Ya fito daga ruwa, shi ke nan, bai ƙara waiwayar kwalba ba ko sau ɗaya?"

Na ce, "Ikon Allah ne, Baba."

Ya ce, "Ikon Allah gaskiya ne, babu mai ja. Amma ni nan da kake gani, goro kawai likita ya hana ni. Yau shekara bakwai ina dainawa." Ya sa hannu a aljihu ya zaro ɓarin goro ya nuna mana. Aka sake fashewa da dariya. Da ta lafa sai ya ce, "Wanda bai san aikin ba, in ya ga zane ya fito kore, cewa zai yi ya ɓaci, ya yar. Mu da muka sani ba ma sakinsa. Ka duba, tun ɗazu hannuna yana riƙe da shi."

Maganar rini yake yi, bai san labarin yayana ba. Amma ni yayana na gani a cikin maganar, sai kuma wani zumuɗi ya taso min, irin wanda marubuci ne kawai ya san shi. Da aka kira azahar suka tafi masallaci, na ƙwace biron abokina, na juya bayan shafukana, na hau rubutu a kan gwiwa. Kafin su dawo na cika shafi tara.

Wata uku na yi ina sake littafin, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba. A cikin aji ina koyarwa, jimla ta faɗo min, in juya in rubuta a tafin hannu. Mutumina yanzu bayan baftisma sai da ya faɗi, ya koma wa giya, har sau huɗu. Ya yi addu'a, ya yi ƙarya, ya yi kuka, ya sake tashi. Na kuma ƙara masa ƙane mai haƙuri, wanda duk ranar da ya faɗi zai zo da kwanon kunu ya zauna kusa da shi, ba faɗa, ba gori. Da na gama na san wannan ba bulala ba ce kuma, don haka na ɗauka na nufi shagon da yayana yake gyaran janareto.

Da la'asar na same shi, hannu duk baƙin mai. Na ce, "Yaya, ina wuni."

Ya miƙe zumbur, ya ce, "Lafiya? Mama ce?"

Wato a tunaninsa mutuwa ce kaɗai za ta kawo ni wurinsa. Na ce, "Mama lafiyarta ƙalau. Littafi na rubuta, na zo ka ji."

Yamma uku na yi ina zuwa ina karanta masa. Ya yi dariya, ya gyara min yadda mashaya suke magana, ya ce babu mashayin da yake cewa ya bugu, sai dai ya ce ya ɗan taɓa. Ni kuwa daɗi kamar in yi rawa, ga ni ga yayana a benci ɗaya. Da na rufe shafin ƙarshe ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

Ya ce, "Ka iya, ƙanena. Ni ne sak. Har cittar ka tuna. Abu ɗaya ne ban gane ba. Wannan ƙanen nasa mai kawo kunu, a ina ka samo shi? Ni dai ban taɓa ganinsa ba."

Ba da fushi ya faɗa ba, tambaya ce kawai. Ashe na daina yi wa yayana ƙarya a littafin, na koma ina yi wa kaina. A shagon nan, a gaban janareton mutane, na roƙe shi gafara, kuma na yi kuka sosai.

Sai da na sake rubutu karo na uku. Ƙanen da kuka karanta a littafin, mai fita in wansa ya shigo, wanda saboda shi matan ƙungiyar zumunta suke tare ni a bakin coci suna cewa, "Malam, wannan yaro mugu ne," ni ne. Nakan ce musu, "Ƙwarai kuwa, na san shi."

A da ina zaton aikin bangaskiya a cikin labari shi ne ta kawo ƙarshe mai kyau da wuri. Yanzu abin da nake roƙon Ubangiji kafin in ɗauki biro shi ne ƙarfin halin rubuta mutum yadda yake, musamman in mutumin ni ne. Har yau in na tuna dattijon nan, wanda ya riga mu gidan gaskiya, sai in ji dariya da kewa sun haɗu min wuri ɗaya.

Bayan fitowar littafin yayana ya sake faɗuwa sau biyu, kuma duka biyun ina wurin. Yau shekararsa shida bai sha ba. Na ce masa zan rubuta wannan a littafi na gaba, ya ce in dakata tukuna, kada mu yi saurin cewa an gama, in dai ci gaba da zuwa.