Agogon Mastro Argiris

Tun kafin mai burodi ya buɗe shago, Mastro Argiris, makanikin da ke kula da famfo, yakan jingine babur ɗinsa jikin ɗakin injin wurin ninkaya na garinmu, ya kasa kunne. Daga kukan famfo yake gane lafiyarsa. A haka ya yi furfura. Garinmu nesa yake da teku, saboda haka duk yaron da ya iya ruwa a nan, cikin ruwan da Argiris ya tace ya koya.

Mutane sun manta an taɓa kusan rufe wurin. Ɗakin kwanan wata maƙwabciya mai suna Kira Fotini manne yake da ɗakin injin, famfon kuwa ruri yake yi daidai lokacin barcin rana, lokacin da ko kare ba a yarda ya yi haushi ba. Ta rantse sai ta kai ƙara an garƙame ƙofar. In kuma an kashe famfon an manta, ruwa ya koma kore shar. Argiris ne ya samo agogo mai kunna inji da kashewa, ya ja masa waya, ya haɗa wayar ƙasa don kada wuta ta ja ɗan kowa, ya saita shi yadda injin zai yi shiru da rana, ya tashi in gari ya farka.

Sai dai agogon da wuta yake tafiya. In aka ɗauke ta ya tsaya, in ta dawo ya ci gaba a makare. Mai kantin da ke kallon wurin shaida ne: ko a tsakiyar abinci wuta ta dawo, sai ya ga Argiris ya taho ya gyara lokacin. Ba wanda ya taɓa aikensa.

Bana aka sallame shi daga aiki, ko kofi ba a dafa masa ba. Da zafi ya tsananta aka ɗauke wuta, washegari famfo ya tashi Kira Fotini daga barci, maganar ƙara ta dawo. Me mazan shagon kofi suka ce? Wai aikin tsohon dama na ha'inci ne! Mutanen da ko ƙwan fitila ba sa iya sauyawa.

Da Argiris ya zo wucewa, Stratos mahauci ya ce, "Ga mai hana mutane barci."

Argiris ya ce, "Kai da kake minshari har a coci, Stratos, wane inji zai tashe ka?"

Bai tsaya wanke kansa ba. Ƙofar Kira Fotini ya buga, ya ce ta sa takalmi ta biyo shi, ita ce kunnenta ya fi kusa da injin. Ya nuna mata yadda za ta juya faifan agogon har kibiya ta hau kan lokaci.

"In wuta ta ja ni fa, tsohon banza?"

"Na haɗa wayar ƙasa tun kina da haƙoranki, Kira Fotini. Juya."

Ta juya, injin ya yi tsit.

Kai ne mai zuwa ba a kira ba, Mastro. An ci mutuncinka, amma ba ka bari yara sun rasa ruwansu ba. Mun gode, kuma masu bakin nan su zo su ba ka haƙuri a gaban jama'a, inda suka zage ka. Sauranmu kowa ya nemi abin da zai riƙa gyarawa ba sai an aike shi ba. Ko Kira Fotini ta koya: makullin ƙofar da ta rantse za ta garƙame, yanzu a wuyanta yake rataye, ita ke gyara agogon.