Ranar da Na Ce Masa Direban Bogi

Ɗana na biyu tun yana ƙarami jirgin sama yake so. Da ya gama sakandare a Goronyo, takarda ta zo ana kiransa jarabawar shiga sojan sama. Lokacin dashen albasa ne, ruwan dam ya iso fadamarmu ta Taloka, ni kuma hannuwa nake nema. Na ce ba inda za shi. Bai yi mini musu ba. Ya ninke takardar ya shiga gona, har shekarun ɗauka suka wuce shi.

Daga baya ya koyi gyaran waya, ya haɗa wata tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa da batirin sola. A cikinta akwai wasan tuƙa jirgin yaƙi, har da sandar tuƙi da abin sawa a kunne. Wata rana bayan la'asar ina zaune ƙofar gida da aminina, wani makiyayi da muka tashi tare, sai yaron ya zo ya durƙusa.

"Baba, in da hali ku taho ku gani. Wata shida ina koyon abin ga, yau na iya."

Muka shiga. Ya saki maganar ta lasifika don mu ji. Ya ce muryar ta wani mutum ce da ke cikin babban jirgi can sama, mai na'urar hangen nesa. Matuƙi ba ya ganin abokin gaba da ido, sai muryar nan ta faɗa masa inda zai tare shi. Turanci ne guntu-guntu, da sauri kamar mai gwanjo. Ni da na tsaya a firamare ban kama komai ba sai kalma ɗaya da aka maimaita: bogi.

Na ce, "Mi yac ce?"

"Bogi, Baba. Abin da shika nufi..."

"To ka jiya! Su da sunka ƙera abin sun ce na bogi ne. Jirgin bogi, direban bogi!"

Aminina ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. "Kaftin, a sauke ni Rimawa, shanuna na can."

Yaron ya yi murmushi. Yana kallonmu wani abu ya sami jirginsa a allon, ya kama wuta. Ya kashe kwamfutar, ya ce mun gode da zuwa.

Sunan ya bi gari. Na ji ana kiransa direban bogi a bakin masallaci, ban tsawata wa kowa ba. Da aka cire albasa ya koma Sakkwato. Sai gaisuwar salla a waya, ita ma a tsaye.

Bayan shekaru rufin ɗakinsa ya fara yoyo. Ina kwashe tarkace na tsinci littafin rubutu. Ashe duk maganganun muryar nan ya fassara su da Hausa, da manyan baƙaƙe irin waɗanda idona ke iya gani. Ba don kansa ya yi su haka ba.

Na zauna na karanta. Bogi jirgi ne da ba a san ko namu ne ko na abokan gaba ba, kuma ba a harbinsa sai an tantance. In an ce bandit, an tabbatar abokin gaba ne. Wannan kam mu mutanen gabashin Sakkwato ba ma neman fassararta. Lambobin da muryar ke faɗa kuwa a jere suke zuwa: ta farko shiyya, ta biyu nisa, ta uku tsawonsa a sama. In an ce zafi, yana fuskantarka. In an ce sanyi, ya ba ka baya. Wani lokaci daga wuri ɗaya da kowa ya sani ake aunawa, kamar yadda muke cewa gona na gabas da dam.

Babu abin dariya ko ɗaya a ciki. Rani guda na yi ina haddace shi, ina kuskure ina sakewa.

Sannan na hau mota ta Wurno zuwa Sakkwato. Na same shi a shagonsa, furfura ta fara fito masa a gemu. Bayan gaisuwa na karanto masa abin da ke littafin duka da ka. Ya saurara har na ƙare.

"Kun yi ƙoƙari, Baba."

"Kunna muna, in gani ko zan gane wanga karo."

"Ai na saida kwamfutar tun shekarar da niz zo. Ni ma na mance su."

Na miƙa masa littafin. Bai karɓa ba.

"Ku riƙe, Baba. Da sauran farar takarda a baya, a ba yaran gida su yi rubutu."

Na buɗe baki in nemi gafararsa, sai wata mata ta shigo da waya mai fasasshen gilashi. Ya ja mini kujera gefe, ya juya ya tambaye ta mi ya sami wayar.