Inda Na Kai Akwatin Baba

Mahaifina manomin gero ne a Tajaye, amma waƙa ce ta fi cin ransa. Da ajami yake rubutawa, a kan duk takardar da ta shigo hannunsa, har da bayan buhun simintin Malbaza. Yana da amini a Badaguishiri, mai lambun albasa, suna aika wa juna wasiƙa cikin baiti, wannan ya tsokani wancan, wancan ya rama. Da Baba ya rasu a ƙarshen shekarun tamanin, abin da ya bari ke nan cike da akwatin ƙarfe a ɗakin Inna, mahaifiyata.

Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Konni. Da na zo hutu na buɗe akwatin, sai na ga takardun sun yi ƙasa.

"Inna, wa yat taɓa takardun Baba?"

Ta ce, "Mutane na zuwa biɗar albarka. In hana musu?"

Ashe duk wadda ɗanta ya yi zazzaɓi sai ta zo a ba ta falle ɗaya, ta wanke tawadar ta ba shi ya sha. Wasu baduku suke kai wa ya ɗinke musu laya. A wurinsu duk abin da aka rubuta da ajami addu'a ce. Na tabbata akwai yaron da ya sha zambon da Baba ya yi wa wani ma'auni mai tauye tiya, kuma wai ya warke sarai. Na yi dariya, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Takardun ba a ɗinke suke ba, ba su da lamba. In aka zare falle a tsakiya, waƙar ta gurgunce ke nan har abada.

Dole akwatin ya bar gidan, sai dai zuwa ina? Yayana ya samo wani mai sayen tsofaffin takardu daga hayin iyaka, mai biya da naira. Mutumin ya zauna a zaure yana ware masu kyan rubutu gefe, kamar mai zaɓen tumatir. Na ce ba zan bari a watsa su ba.

Yayana ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, ya ce, "Kai mushe, boko ya cika ma ciki. Wa yat taɓa tuƙa tuwo da takarda?"

Akwai kuma wani buro, wato ofis, a Yamai da ke adana irin waɗannan rubuce-rubuce. Ba sa biya, amma ba sa rabawa. Abin da ya hana ni barci shi ne, babu ɗan Tajaye da zai taka can don ya karanta.

Na hau mota zuwa Badaguishiri wurin aminin Baba, tun da rabin wasiƙun nasa ne, na ce masa ko shi zai riƙe. Idonsa ya riga ya tafi.

Ya ce, "Ɗana, in ka kawo min, gara za ta riga ni karantawa. Kai su inda ba a sha."

Na dawo na gaya wa Inna na yanke shawara, Yamai za su. Tana ɓarar wake, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Tun da ubanka yat tahi, don wanga akwati mata ka shigowa gidanga. Su zamna, mu yi hira, su tambayi lahiyata. In ka ɗauke shi, mi za ya kawo su?"

Ban taɓa duba abin ta nan ba. Na ce ai za su ci gaba da zuwa don ita. Ta ci gaba da ɓarar wakenta. Washegari ita da kanta ta ɗaure akwatin da igiya, ta taya ni ɗora shi a amalanke.

A Yamai an karɓa hannu biyu. Takardun na nan, ba wanda ya sake zarar ko falle, kuma in da yau ne, can zan sake kai su. Amma ban taɓa jin daɗin abin ba.

Da na koma gida hutun gaba, na yini tsakar gida tare da Inna. Duk lokacin da ta ji motsi a zaure sai ta gyara mayafi ta jawo tabarmar baƙi. Har aka kira magariba ba wadda ta yi sallama.