Rokata Ta Hwaɗa Gidan Kulle

Ta tashi, jama'a, wallahi ta tashi! Rokar nan da na yi wata huɗu ina haɗawa da kwali, yau da hantsi na harba ta a bayan unguwar Dogarawa. Fuuu! Ta wuce giginya, lemar da na ɗinka mata da buhun sukari ta buɗe. Ina tsalle, sai iska ta kwashe ta, ta dire tsakar gidan Malam Idi. Gidan kulle!

Na ruga zaure, na yi ta sallama. Can uwar Malam ta leƙo.

Na ce, "Inna, abina ne ya hwaɗo gidanku."

Ta ce, "Kai ne ka watsa mani kaji? Mun kihe shi da turmi."

"Ki taimaka a miƙo mani."

"Abin da ya sauko daga sama yana hayaƙi? Ba mai taɓa shi sai Malam ya tohwa mai addu'a."

"Yaushe zai dawo?"

"Ya tahi cin rani. Sai ruwa ya sauka."

Kwali ne hwa, gara ba za ta jira damina ba! Wanda ya taɓa shawo kan tsohuwa irin wagga, don Allah ya hwaɗa mani yadda ya yi.