Mundayen Kaka a Gwanjo

Kakata ta wajen uwa ta rasu a Gude a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ni kuwa a lokacin ina zaune a gidanmu na Gwarzo, na gama jami'a, aiki bai samu ba. Zamanin tsuke bakin aljihu ne. Taki ya fi ƙarfin manomi, masaƙun birni suna ta sallamar ma'aikata, kawuna ma yana cikin waɗanda aka sallama. 'Ya'ya uku Kaka ta bari: Inna Babba, wadda ita ce 'yar fari, sai kawu, sai mahaifiyata.

A danginmu, a da, ba a kai kayan adon mace gaban malami. 'Ya'yanta mata ne suke shiga ɗaki su raba a tsakaninsu. Amma a wannan shekara kowa ya shiga taitayinsa game da hukuncin gado, kawu kuma ya ce sai an bi ƙa'ida: abin da yake rabuwa a raba, abin da ba ya rabuwa a yi gwanjonsa a raba kuɗin. Ba na jin mugunta ce ta sa shi. Iyali gare shi masu yawa, rumbunsa kuma ya kusa ƙasa.

Kayan ba su da yawa. Akwai tasoshin tagulla masu zane da ta jera a ɗakinta tun tana amarya, da silin murjani, da tsakiya ta ratayawa a wuya, da wani kumbo. Sai mundaye biyu na azurfa, masu kauri, an murɗa su kamar igiya, bakinsu da ƙulli. Ta gaje su daga uwarta, tun danginmu suna bin shanu.

Akwai abin da na sani game da mundayen nan wanda ba mai iya faɗarsa cikakke sai ni. Kaka ba ta taɓa kiran sunan Inna Babba ba, saboda kunyar 'yar fari. Ba ta miƙa mata abu hannu da hannu, ba ta yi mata magana kai tsaye sai ta kan wani. Ana cikin jinyarta ta ƙarshe, wata rana da hantsi ina zaune a gefen gadonta, Inna Babba tana share ƙofar ɗaki, sai Kaka ta ɗaga matashi ta nuna mini mundayen ta ce, "Waɗannan, in na kau, na mai sharar nan ne." Ta mayar da matashin. Tsintsiyar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba. Daga baya na ɗan tsegunta wa mahaifiyata.

Bayan sadakar arba'in aka sa rana. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zauren gidan Kaka. Limamin unguwa ya zo don rabon, ɗan gwanjo ya zo daga kasuwar Gwarzo, tare da masu saye biyu: wani Alhaji da ke tattara tsofaffin kaya yana kai wa baƙi a birni, da wani maƙerin farfaru, mai ƙera azurfa, da ya taho da ƙaramin sikelinsa. Mata suna daga ciki, bayan zana, ana jin motsinsu.

Da tasoshin aka fara. Ɗan gwanjon mutum ne mai barkwanci. Ya ɗaga guda ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya ce, "Ku ji murya! Alhaji, ka taya, kar ka yi mana rowa, tasar nan ta girme ka." Alhaji ya taya, kawu ya ce albarka, aka ƙara, aka sallama. Murjani ya bi, tsakiya ta bi. Ni ban ji daɗin dariyar da ake yi ba, domin idona yana kan ƙyallen da aka naɗe mundayen.

Da aka kwance shi, maƙerin ya ɗauki guda ya goga a kan wani baƙin dutse, ya duba, ya ɗora a sikeli. Ya ce tsohuwar azurfa ce, irin wadda ba a samu yanzu, za ta yi zobba masu yawa. A nan na fahimci cewa in ya saya, wuta za su shiga.

Sai muka ji muryar mahaifiyata daga bayan zana. "Malam, a gafarce ni. Mundayen nan ba na gado ba ne. Innarmu ta ba Yaya. A tambayi yaron nan, a gabansa aka yi."

Kawu ya juyo. "A gabansa? To ni me ya sa ban taɓa ji ba?"

"Da yake kana birni," in ji ta, "ba ka ji abubuwa da yawa ba."

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya bayyana hukuncin a taƙaice. Idan kyauta ce da mamaciya ta yi tana da lafiya, wadda aka ba kuma ta karɓa, to ta fita daga gado. Idan kuwa ta rataya abin da mutuwarta, ya zama wasiyya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, kai ne ɗan boko. Faɗa mana abin da ka ji, kar ka ƙara, kar ka rage."

Na san abin da mahaifiyata take so in ce, na kuma san cewa in na tsallake rabin maganar Kaka ba mai iya ƙaryata ni, domin Inna Babba ba za ta taɓa buɗe baki a kan abin da ya shafe ta da uwarta ba. Na sake bin maganar a zuciyata ko zan sami shakka a cikinta, in fake da ita. Ban samu ba. Na tuna har yadda numfashinta ya katse a tsakiya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, cewa ta yi, 'Waɗannan, in na kau, na mai sharar nan ne.' Tana kwance ba lafiya. Inna Babba ce take shara a lokacin, ba kowa a wurin sai ita."

"Ta ambaci sunanta?"

"Ba ta taɓa ambata ba tun da ta haife ta."

"Ta miƙa mata?"

"A'a. Ta mayar ƙarƙashin matashi."

Na ji mahaifiyata ta ja tsaki a hankali. Liman ya gyaɗa kai ya ce wasiyya ce, don haka maganar ta koma hannun magada: wanda ya yarda ya bar rabonsa, wanda bai yarda ba ba a tilasta masa. Mahaifiyata ta ce ta yarda tun kafin ya rufe baki. Duk ido ya koma kan kawu.

Ya daɗe yana kallon tabarma. Ɗan gwanjo ya so ya yi wasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, rana tana yi." Can kawu ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, kin san halin da nake ciki. Damina ta zo, ko buhu ɗaya na taki ban ajiye ba."

Wannan ne karo na farko da Inna Babba ta yi magana. "Na sani, ƙanena. Ɗauki haƙƙinka, ba wanda zai zage ka."

Liman ya yi lissafin a fili. Namiji yana da rabon mata biyu, saboda haka rabin mundayen na kawu ne, ɗaya rabin na matan biyu, kuma ƙaramar ta bar wa babbar nata. Mundaye biyu ne, maƙeri ya auna ya ce nauyinsu ɗaya. Ke nan guda ta Inna Babba ce, guda ta shiga gwanjo.

Alhajin ya ɓata fuska. Ya ce shi don suna biyu ya zo, baƙinsa ba sa son abu gwauro, ya rage tayinsa sosai. Maƙerin, da yake nauyi kawai yake saye, ya ɗora a kai. Kawu ya ce albarka. Ɗan gwanjo ya riƙa kewayawa da munduwar a tafin hannu yana cewa, "Wa zai ƙara? Alhaji, za ka bari a narka abin da ya fi shekara ɗari? Ji tsoron Allah mana!" Alhaji ya ce shi ba masallaci ya zo ginawa ba. Ya ɗan ƙara, maƙeri ya sake ƙarawa, Alhaji ya kaɗa rigarsa ya miƙe. Ni ba ni da ko kwabo da zan sa baki. Kawu ya duba hagu ya duba dama, ya ce ya sallama.

Maƙerin ya jefa munduwar a jakarsa, tare da wasu karyayyun 'yan kunne. Ni aka ba ɗayar in kai ciki. Na tarar da mahaifiyata ta juya mini baya tana kwashe kwanuka. Inna Babba tana zaune a bakin ɗakin Kaka. Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu, na fara cewa, "Inna, da na..."

Ta katse ni. "Haka ta faɗa?"

"Haka ta faɗa."

"To ni ma haka na ji." Ta karɓa ta gwada a hannun dama, ta ƙi shiga, domin Kaka siririya ce. Ta aiki jikarta ta kawo sabulu da ruwa, ta shafa a wuyan hannu, ta riƙa murzawa tana cije leɓe har ta wuce. Sannan ta ce in tashi in raka Liman, kar ya tafi bai sha fura ba.